Madubin da Injiniya Ya Zaɓa wa Kawu

A hannun kawuna na tashi, a Argungu, bayan rasuwar mahaifina. Tsohon soja ne da ya ajiye aiki ya dawo gida ya kama noman shinkafa da albasa, kuma babu abin da yake so kamar farauta. Yana da doguwar bindiga mai harsashi, da lasin ɗinta, ba irin bindigar toka ta sauran maharban garin ba. Shi ya koya mini harbi, kuma bai koya mini da sauƙi ba. Na daɗe ina goge bindigar nan da mai kafin ya yarda in ɗora ta a kafaɗa, na kuma daɗe ina ɗora ta a kafaɗa kafin ya yarda in taɓa kunama. In na kuskure ba ya faɗa. Sai ya karɓe abarsa ya ɗaure fuska ya yi gaba.

A shekarun da nake ba da labari muna cikin Jihar Sakkwato, ni kuma na yi aure, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi. Duk da haka farautarmu ba ta yanke ba. In ruwa ya janye daga fadama aka gama yankan shinkafa, kusan kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan hau babur in nufi Argungu, da asubar Asabar in goya Kawu mu shiga daji. Bai haifi ɗa namiji ba, 'ya'yansa duka mata ne, saboda haka ban taɓa kawo wa raina cewa wani zai raba ni da matsayina a wurinsa ba. Ba mai yabo ba ne, amma na saba. In na yi harbi mai kyau, iyakarsa ya ce, "To," ya ciro wuƙa.

Abin ya fara ne daga idonsa. Bindigar tana da 'yar tsaga a baya da ƙwayar ƙarfe a baki. Sai ka jera tsagar da ƙwayar da naman a layi ɗaya kafin ka ja kunama. Wata safiya muka tarar da kwanta-rafi, ɗan'uwan barewa, yana kiwo a gefen wani tafki, a fili, nisan da a da Kawu ko gyara zama ba ya yi. Ya durƙusa ya auna, ya daɗe yana aunawa har ƙafata ta fara sanƙarewa. Da ya harba, ƙasa ce ta tashi can gefe, naman ya daka tsalle ya shige ciyawa. Kawu ya ɗora bindigar a cinya yana murza ido.

"Ɗana," ya ce, "in na ga naman, ƙwayar ta ɓace. In na ga ƙwayar, naman ya koma hayaƙi."

Na ce masa ai ga ni, ya riƙa nuna mini, ni in riƙa harbi. Ya miƙe ya saɓa bindigarsa, muka juya gida.

A wannan shekarar ce autarsa, wadda na ɗauka tamkar ƙanwata ciki ɗaya, ta yi aure. Mijin ma'aikacin safiyo ne da aka turo auna filayen noman rani a fadamar Zauro, suka tare a Birnin Kebbi, ba nisa da gidana. Dogo ne mai tabarau, mai sanyin murya. In zai gaida Kawu tun daga ƙofar zaure yake tuɓe takalmi ya tsuguna, ni kuwa "Yaya" yake ce mini ko da yake ban girme shi sosai ba. Kawu ya laƙaba masa Injiniya, sunan ya bi shi. Da mai girman kai ne, da abin ya zo mini da sauƙi. Na duba na duba, ban sami abin kamawa a jikinsa ba.

Wata rana Kawu ya zo Birnin Kebbi duba 'yarsa, surukin ya ɗauke shi a motar aiki ya kai shi Zauro ya ga abin da suke yi. A can ya sa masa ido a na'urarsu ta awo mai ƙafa uku. Ni ina makaranta, ban je ba, amma da yamma a zaurena na sha labarin har na ƙoshi.

"Mutum shina can ƙetaren fadama riƙe da sanda," in ji Kawu, "amma har maɓallin rigatai nig gani! Injiniya ya ce akwai irin wanga madubi da aka ɗora ma bindiga."

Na ce, "Kawu, ai na san da shi. Amma kai da bakinka ka ce mini maharbin ƙwarai idonsa da ƙafarsa sun ishe shi."

"Lokacin ina da idon," ya ce.

Akwai wani ɗan kasuwa a Birnin Kebbi mai sayar da agogo da rediyo da tocilan, wanda kan shigo da kayansa ta kan iyaka a Kamba. Shi Injiniya ya yi wa magana, bayan 'yan makonni mutumin ya aiko cewa ya samo madubai uku, a zo a zaɓa. Kawu ya taho daga Argungu ya sauka a gidana kamar yadda ya saba. Na yi zaton zai ce in raka shi mu duba. Da safe sai na ji yana tambayar matata ko akwai wanda za a aika ya kira Injiniya. Ni ba a ce in zo ba, ba a kuma ce in zauna ba. Na sa hulata na bi su.

Mai kantin ya shimfiɗa tsumma ya jera su. Na farko siriri ne mai ƙyalli, mara nauyi. Na biyu baƙi ne matsakaici, ba ado a jikinsa, har fentinsa ya ɗan goge a gefe. Na uku kuwa, subhanallahi, ƙato ne dogo, bakinsa kamar moɗa, da zobe a bayansa mai lambobi wanda in ka juya shi abu ya riƙa matsowa har kamar ka taɓa shi. Tun da na ɗora ido a kansa na yanke hukunci, kuma na yi sauri na faɗa kafin wani ya riga ni.

"Ga naka nan, Kawu. Harbin nesa ake nema, wannan shi ya fi jawo nesa."

Kawu bai ko dube ni ba. Ya juya ga surukinsa. "Injiniya, mi kag gani?"

Injiniya ya ɗauki siririn ya jijjiga shi kusa da kunnensa, ya mayar. Ya ce wannan na bindigar iska ne da ake harbin kurciya da ita. In aka ɗora shi a kan ta Baba, kafin a yi harbi kaɗan shurinta zai wargaza kayan cikinsa. Sauran biyun kuwa, ya ce ba a zaɓar madubi a cikin kanti. Ya roƙi mai kantin ya ba mu su mu fita da su bayan gari, mu duba da rana tsaka, mu sake dubawa gab da magariba. Mutumin ya san Kawu, ya yarda.

Muka hau tudun Dukku, inda fadama take shimfiɗe a gabanka har iyakar gani. Rana ta take. Can nesa akwai shanu suna kiwo. Na karɓi babban na juya zoben har ƙarshe na miƙa wa Kawu, ina jiran ya yi salati. Ya sa ido, ya yi ta yawo da shi dama da hagu kafin ya gano shanun, sannan ya ce, "Wanga shina rawa. Saniyar awa tana cikin ruwa."

"Ba madubin ne ke rawa ba, Baba," in ji Injiniya. "Duk yadda ya girmama saniya, haka yake girmama rawar hannu da numfashi. Ga kuma kawalwalniya da zafin ƙasa ke tayarwa, ita ma ya girmama ta. Mu ma a wurin aiki ba ma son awo mai nisa a irin wannan lokaci. Sannan filin da yake nuna maka ƙarami ne, in nama ya yi taku biyu ya fita daga ciki."

Na ce ai ana iya rage zoben. Ya ce gaskiya ne Yaya, ana iyawa, kuma babban ba shi da laifi ga wanda zai kwanta ya ɗora bindiga a kan buhu ya jira. Amma ya ce in ɗaga shi in ji nauyinsa, in tuna Baba ne zai yini da shi a kafaɗa. Ya ƙara da cewa duk abin da ke juyawa a jikin madubi wata ƙofa ce ta lalacewa, kuma a nan babu mai gyara. Duk wannan cikin ladabi ya faɗa, yana kallon ƙasa. Da ya ɗaga murya, da na sami abin yin fushi a kai.

Sai ya ɗauki matsakaicin, wanda ya ce ninki shida yake jawowa, ba ragi ba ƙari. Ya ce Kawu ya fara kallon sararin sama da shi. A ciki akwai zare biyu baƙaƙe da suka gitta juna, inda suka haɗu nan ake ɗora nama. Ya riƙa murza gindin madubin a hankali yana tambaya, har Kawu ya ce zaren sun fito fes. Injiniya ya ce yanzu an daidaita shi da idon Baba ke nan, kada kowa ya sake taɓa wurin. Da ya ce "kowa" bai dube ni ba, amma mu uku ne a kan tudun.

Da la'asar sakaliya muka koma. Haske ya fara ja baya, daidai lokacin da nama ke fitowa kiwo. A cikin babban, in an ƙure zoben, fadamar ta yi duhu-duhu. A cikin matsakaicin kuwa na ga wani mai kwalekwale yana janyo taru, na ga har ruwan da ke ɗiga daga igiyarsa. Na gani da idona, na kuma san gaskiyar Injiniya ce, amma na miƙa shi na ce, "Ba laifi." Kawu ya riƙe madubin a ido har aka kira salla. Da muka sauko, hannunsa yana kan kafaɗar surukinsa. Wannan mutumin, tun ina yaro ban taɓa ganin ya dafa wani ba sai in zai hau babur.

Abin da ya biyo baya ya fi ci mini rai. Kafin madubin ya zauna sai an huda bayan bindigar an kafa masa ƙafafu. Bindigar da ba ta taɓa kwana a wajen ɗakin Kawu ba, wadda ni kaina bai taɓa bari na tafi da ita Birnin Kebbi ba, sai ga ta ta yi kwanaki a gidan Injiniya, yana kai ta wurin wani makaniki mai injin huda ƙarfe. Na je gaida ƙanwata na gan ta jingine a bayan ƙofa, an lulluɓe ta da zane. Da na dawo gida na kasa cin tuwo. Matata ta dube ni ta ce, "Malam, wai bindigar ce ke damunka ko mai ita?" Na ce mata ciwon kai nake yi.

Ranar saita madubin muka je Zauro, wani wuri da aka tara ƙasa ta yi tudu don tare harsashi. Injiniya ya zo da tef ɗin aikinsa ya auna yadi ɗari. Ya cika buhu da yashi ya ɗora bindigar, ya shimfiɗa wa Kawu tabarma. Ni aka ba ni kwali da gawayi. Aikina in kafa kwalin in dawo, Kawu ya yi harbi uku, in koma in zagaye hudojin da gawayi in ɗaga murya in faɗi inda suka faɗa. Sai Injiniya ya buɗe 'yan murafan da ke saman madubin da gefensa ya murza, ƙas, ƙas, ƙas, su biyu su haɗa kai suna ƙus-ƙus. Na yi ta safa da marwa a cikin rana, ina hango su a inuwar mota, ina tuna cewa duk fadamar nan babu wanda ya san bindigar nan kamata in ban da mai ita.

A hankali hudojin suka matso tsakiya, har uku suka taru a wurin da tafin hannu zai rufe. Injiniya ya ce a matsar da kwalin nesa, don Baba ya ga yadda harsashi ke sunkuyowa in tafiya ta yi tsawo, ya san yadda zai ɗaga zaren sama da kafaɗar nama. Kawu, wanda ya yi yaƙi, ya zauna yana gyaɗa kai kamar ɗan aji ɗaya. Da aka gama ya ce, "Ɗana, zo ka taɓa."

Na kwanta na rungumi bindigar yadda na saba, na manna fuska. Injiniya ya ce, "Yaya, ka ɗan ja kanka baya. A bar kamar faɗin yatsu huɗu tsakanin ido da madubin, saboda shuri."

Na ce, "Na fara harba bindigar nan tun kana firamare."

Na ja kunama. Gindin madubin ya dawo ya sare ni a gira, wuta ta gilma mini, jini ya rufe mini ido ɗaya. Injiniya ne ya ruga mota ya ɗauko auduga da aidin, ya tsuguna yana goge mini yana cewa laifinsa ne da bai yi bayani sosai ba. Kawu kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki. Harsashin ya faɗa kusa da tsakiya, amma ba wanda ya je ya duba sai ni, da auduga a goshi.

Daga nan farautarmu ta zama ta mutum uku. Kawu ya daina hawa bayan babur ɗina; motar Injiniya ta fi daɗin zama, ga wurin ajiye nama. Ni kan bi su a baya, ko in ajiye babur in shiga bayan motar tare da gorar ruwa. A daji ne na ɗan sami sanyi, don Injiniya bai san dawa ba ko kaɗan. Ranar farko da farar riga ya zo, yana ƙamshin turare. In yana tafiya duk busasshen kara sai ya taka shi. Bai san bin iska ba, bai san sawun gada daga na akuya ba. Na jira in ga Kawu ya ɗaure fuska ya yi gaba kamar yadda ya yi mini shekara da shekaru. Sai na ji yana cewa, "A hankali, Injiniya, sa ƙahwarka inda nis sa tawa." Da ya ba shi bindigar ya gwada, a fitarsa ta biyu kacal, mutumin ya runtse ido kafin ya ja kunama, harsashi ya tafi inda Allah ya nufa. Kawu ya ce, "Babu komi, kowa haka yaf fara." Ni ban fara haka ba, kuma ko da na fara haka, ba wannan zan ji ba.

Madubin dai ya yi aikinsa. A ranin nan Kawu ya kayar da barewa daga nisan da ko yana saurayi ba zai gwada ba. Ya kuma raba manoman wani ƙauye da wani gyado, aladen daji, da ya addabi gonakinsu. Duk majalisar da ya zauna a Argungu, labarin ɗaya ne: surukinsa, madubin da surukinsa ya zaɓa, yadda surukinsa ya ƙi babban ya ɗauki matsakaicin. Wani lokaci har ya ƙara da, "Ɗana ma babban yaz zaɓa," a yi dariya, a dubi girata.

Sau ɗaya abin ya kuskure. Bayan damina muka fita, Kawu ya auna wani kwanta-rafi a kafaɗa, harsashi ya same shi a cinya, ya tsere da ƙafa uku. Injiniya ya duba madubin, fuskarsa ta canja. Notukan ƙafafun sun saki, shi kuma bai sake duba su ba tun ranar da aka ɗaura. Wani daɗi ya ratsa ni tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Na karɓi bindigar, na bar su a gindin wata ƙirya, na bi jini. Na bi shi ta cikin laka da ciyawa mai kaifi, inda jinin ya ɓace na bi karyewar kara, har rana ta yi tsaka. Na same shi kwance a cikin wani kwari, na matsa kusa yadda ba na bukatar wani madubi, na ƙarasa shi na yanka. Na saɓo shi a wuya na dawo, ƙafafuna duk sun tsattsage.

Na tarar da su Kawu yana lallashin surukinsa. "Ba laihinka ba na, hanyar ga ta lalace, girgizar mota ta." Na sauke naman a gabansu ina haki. Injiniya ya miƙe ya ce, "Kai, Yaya! Wallahi ni ko wata zan yi ban gano shi." Kawu ya duba yankan, ya ce, "To, ai aikinai na." Shi ke nan.

Na kai ƙarar wurin ƙanwata, ba kai tsaye ba, cikin wasa. Na ce mata mijinta ya ƙwace mini uba. Tana tankaɗen garin shinkafa, ta ajiye rariyar ta ce, "Yaya, kai ma dai. In Baba ya zo gidan nan ba shi da zance sai naka. Ɗana kaza, ɗana kaza, ɗana kan ji warin nama tun daga nesa. Har maigidan yakan ce shi bai san ranar da zai kai ka a wurin Baba ba." Na yi dariya na ce ta daina rarrashina. Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa, ba ta saba yi mini ƙarya ba. Amma bai rage mini komai ba. A gabana nake so ya faɗa, kamar yadda yake faɗin na wancan a gabana.

Bayan shekara biyu ko uku aka yi wa Injiniya canjin wurin aiki zuwa Gusau. Na taya su ɗaura kaya, na yi musu addu'a, kuma a hanyar komawa gida na kama kaina ina waƙa a kan babur. Kafin ya tafi ya zo gidana da ɗan sukundireba da tsumma mai laushi na goge gilashi. Ya nuna mini notukan da zan riƙa dubawa, ya ce kada a goge madubin da bakin riga, kada a bar shi a rana cikin mota. "Yaya, kai ka fi kowa sanin bindigar nan," ya ce. Na karɓa na yi godiya. Har ya fita ina neman abin da zan ji haushinsa a maganar.

Kawu ya dawo bayan babur ɗina, amma idon ya ci gaba da ja baya. Yanar ido ta fara rufe na dama, madubin ma ya daina taimakonsa. Sai ya zama shi ke zaɓar wuri da lokaci, ni ke riƙe bindigar. Na murza gindin madubin ya dace da idona, ban gaya masa ba. Na koyi barin tazara, na koyi ɗaga zaren in nisa ya yi yawa, na koyi karanta iska a jikin ciyawa kafin in ja kunama. Ba na so in yarda, amma madubin ya shige mini rai. Safiya ba ta dame shi da raɓa, bai taɓa yin gumi a ciki ba, kuma tun da na riƙa ɗaure notukan bai sake gocewa ba.

Fitarmu ta ƙarshe tare, a gabas da Argungu ne, wani fako mai faɗi da babu abin ɓuya sai wani suri. Muka kwanta a bayansa tun hantsi bai yi ba. Can ƙarshen filin na hango barewa guda, namiji, yana tsaye shi kaɗai. Na raɗa wa Kawu. Ya ce shi ba ya ganin komai sai fari. Babu hanyar matsawa, da mun ɗaga zai gan mu. Na ɗora bindigar a kan surin, na naɗe hulata a ƙarƙashinta. Iska tana busowa daga hagu a hankali. Na ɗaga zaren sama da bayansa, na ɗan karkata shi hagu, na saki rabin numfashi na riƙe sauran. Da na harba, sai da na ji kamar an ɗan jira kafin ƙarar saukar harsashin ta dawo mini. Barewar ta durƙushe inda take.

Muka taka zuwa wurin, ina riƙe da hannun Kawu. Tafiyar ta yi tsawo har ya tsaya ya huta a hanya. Da muka isa ya tsuguna ya shafa naman, yatsansa ya sami hudar a bayan kafaɗa, daidai inda ya koya mini. Ya juya ya dubi wajen surin da ba ya iya gani, ya girgiza kai. Ban taɓa yin harbi irin wannan ba, ban kuma sake yi ba. Na tsaya a kansa ina jiran abin da zai ce.

"Allahu akbar," ya ce. "Ka ga saitin yaron ga? Shekara nawa, ko gezau bai yi ba. Sai Injiniya ya ji wanga labari."

Na ciro wuƙa na yi bisimilla.

A gida ya sa aka ware cinya guda aka kai wa mai kilishi. Ranar Lahadi da zan koma, ya miƙo mini ƙunshin a cikin takardar siminti, an ɗaure da igiya, ya ce in biya tasha in ba direban Sakkwato ya haɗa shi da motar Gusau. Na ɗaure shi a bayan babur. A tasha na zare ɗan guntu ta gefen takardar na ci ina jiran direban ya gama lodi. Ya yi yaji sosai. Da ya zo na ba shi saƙon, na kwatanta masa gidan Injiniya, na tsaya har motar ta tashi, sannan na kama hanyar Birnin Kebbi.